Lallen Kawu Salisu

Kawu Salisu ba kawuna ba ne na jini. Abokin mahaifina ne, tare suka taso a lambunan Mirya, kusa da Damagaram. Da zan taho Faransa karatun aikin jinya, mahaifina ya ba ni lambar wayarsa ya ce in na isa Lyon ina da uba. Na same shi a wani gidan renon shuke-shuke can bayan gari, inda motar bas take juyawa ta komo, dogo ne siriri, da wuƙar dashe a aljihun riga, ƙasa ta zauna masa a ƙarƙashin farce. Bayan mun gama gaisuwa, wadda ta kusa cinye mana la'asar, ya cika mini jaka da yakuwa da kuɓewa daga wani ɗan lungu da yake nomawa don kansa. Na yi ta a'a, ya ce a Mirya baƙo ba ya fita garka, wato lambu, hannu rabbana. Sannan ya miƙo mini jaka ta biyu, yana kallon gefe, ya ce in na samu zuwa Paris in kai wa yarinyar nan. Ashe tun ranar aka ɗauke ni aikin aike ban sani ba.

Yarinyar nan ita ce Latifa, 'yarsa ta fari, kuma ita kaɗai Allah ya ba shi. A Sevran, wani gari a gefen Paris, aka haife ta, lokacin yana sauke furanni daga manyan motoci a kasuwar Rungis. Aurensa da uwarta Safi ya mutu ba hayaniya, kamar yadda wuta take mutuwa in ba mai iza ta, Latifa tana 'yar firamare. Shi kuma ya samu aikin nan na Lyon ya taho, aka ba shi ɗaki a saman ma'ajiyar kayan aiki. A ɗakin na same shi, a ɗakin kuma yake har yau: gado, darduma, tukunya ɗaya, rediyo, da taga mai kallon rumfunan gilas. In ma'aikata suka watse da yamma ba ya sake jin muryar mutum sai washegari, in ban da ta rediyon.

Kawu mutumin da ne. Mahaifinsa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kuma ba wanda ya ce ba ya sonsa. Haka Kawu ya gani, haka ya ɗauko ya taho da shi cikin jaka. Abin da bai lura da shi ba, a Mirya in uba ya kau da kai, akwai kaka da za ta goya, akwai gwaggo da za ta raɗa wa yaro sunan wasa, akwai gida cike da mutane masu nuna masa da ido cewa wannan shirun so ne. A bene hawa na bakwai a Sevran ba kaka ba gwaggo. Shirun ne kawai ya iso, sauran kayan duk an baro su a gida.

Na yi wa Latifa wannan bayani har bakina ya gaji. Bayan na gama karatu na samu aiki a wani asibiti a Paris, muka shaƙu, tana kirana Yaya Zuwaira da Hausarta mai ɗingishi. Takan ce ta sani, uwarta ma ta gaya mata, amma sanin dalilin yunwa ba ya ƙosar da mutum. Ta ce ranar da aka ba ta takardar kammala jami'a ya zo tun daga Lyon, ya tsaya can baya, da aka kira ta ya sunkuyar da kai, kafin ta fito ya bar mata kwalin tumatir a hannun uwarta ya tafi. In ta kira shi a waya, zai tambayi sanyin Paris, ya tambayi lafiyar Safi, ya sa albarka, shi ke nan. Ni kuwa in ya kira ni sai kunnena ya yi zafi: yarinyar nan tana cin abinci? Yarinyar nan ta daina tarin? Haushin su biyun nake ji, shi da taurin kai, ita da gadonsa.

A shekarar da nake ba da labarinta abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, Françoise, wata mai zana lambuna da take sayen shuke-shukenta a wurinsu, ta samu fili a babban baje kolin furanni da lambuna da ake yi a Paris farkon watan Yuni. Tana son ta nuna lambun da zai jure zafi da ƙarancin ruwa, domin zafin Faransa ma yanzu ya fara fitar da farce. Wata rana ta ga lungun Kawu, ta tambaye shi yadda lambu yake a garinsu. Ma'aikata sun ce ba su taɓa jin ya yi magana mai tsawon ta ranar ba. Ya zana mata a ƙasa da tsinke: ga rijiya, ga jigo, ga fangali ƙanana a jere, ga darni na kara, rumman a nan, lemun tsami a can, yakuwa a bakin hanyar ruwa. Ta mayar da zanen kan takarda, ta gyara, ta ƙara nata, ta ce a tsakiya tana son abu ɗaya da ido zai sauka a kai. Sai ya kai ta can ƙuryar rumfar gilas mafi zafi, ya nuna mata bishiyar lallensa.

Irin lallen daga garkar mahaifiyarsa ya taho da shi, wani zuwa gida da ya yi da daɗewa. Ya shuka da yawa, ɗaya ya rayu. Ya girma a cikin babbar tukunyar roba har ya fi Kawun tsawo, amma fure sai jefi-jefi, shi ma sai can tsakiyar zafi. Françoise ta ce in zai yi fure farkon Yuni, to lambun ya samu zuciya. Kawu ya ce zai yi, in Allah ya so.

Abu na biyu, a wani ɗan gidan abinci a unguwar Belleville ta Paris na ji shi. Latifa ta samu aikin haɗa magunguna a Montréal, can wata ƙasa a hayin teku, za ta tashi ƙarshen Yuni, kuma ba da niyyar dawowa ba. Na ce ta gaya wa mahaifinta? Ta ce in gaya masa, ai ni ce wayarsu. Sannan ta ajiye cokali ta ce, da Faransanci, don in abin ya kai mata zuciya Hausa guduwa take yi ta bar ta:

"Na gaji da bin mutumin da mai sayar mini da burodi ya fi shi sanin sunana. In yana son ya gan ni kafin in tafi, ya faɗa mini da bakinsa. In bai faɗa ba, can ba zan ƙara nemansa ba."

Na san ta. In ta ce ta rufe ƙofa, har makullin take jefarwa.

Aikin lambun baje koli, kamar yadda na gani da idona, rabinsa noma ne rabinsa wayo. Ba a barin shuka ta yi fure ranar da ta ga dama. Wadda ta yi gaggawa sai a kai ta ɗakin sanyi a tsare ta, wadda ta yi nawa a kai ta kusa da na'urar ɗumi a kunna mata fitilu a ruɗe ta da cewa rani ya yi. Kowace shuka da za a nuna, sai an reni 'yan'uwanta da yawa, a zaɓi mai kyau a bar sauran. Tun cikin hunturu Kawu yake wannan kai-komo, yana juya tukwane don kowane gefe ya samu haske, yana tashi duba ma'aunin zafi kamar mai jinyar jariri. Yakuwa ta ba shi wahala, kuɓewa ta mutu ya sake shukawa, rumman ya zubar da fure a makon da ba a so. Lalle kuwa ba a da na biyunsa, in ya ƙi ya ƙi ke nan.

Na je Lyon da saƙon Latifa cikin watan Afrilu. Na same shi a gaban lallen, ƙasar tukunyar ta bushe har ta tsage, ganyen ya yi laushi. Na ce Kawu ka manta da shi ne? Ya ce da gangan ne, lalle ba ya fure sai an hana shi ruwa ya ji jiki, sannan a ba shi. Na ce to, amma mutum ba lalle ba ne. Ya yi kunnen uwar shegu.

Na faɗa masa komai, ban rage ba ban ƙara ba. Ya daɗe yana murza ganye ɗaya tsakanin yatsunsa. Ya tambaye ni ko Montréal ta fi Lyon sanyi, na ce nesa ba kusa ba. Ya ce to a saya mata riga mai kauri. Daga nan ya hau ɗakinsa ya sauko da tikitin shiga baje kolin, ya ce in ba yarinyar nan. Na ɓoye hannuna a baya, na ce ga waya a aljihunsa, ran wanka ba a ɓoyon cibi.

"Zuwaira," in ji shi, "ni in kira ɗiyata ta hwari in ce ta zo ta ga aikina? Mi mutane za su ce?"

"Waɗanne mutane, Kawu? Tumatir?"

Ya waiga ya dubi rumfar. Layi-layi na tukwane har ƙarshen gani, ba kowa, sai ƙarar ruwa yana ɗiga daga wani tiyo. Na yi zaton zai yi dariya, bai yi ba, sai na ji kunyar bakina. Mutanen da yake jin kunya yawancinsu suna kwance a maƙabartar Mirya, amma shi a wurinsa suna nan zaune a zaure suna kallonsa. Na karɓi tikitin. Sabo turken wawa, ni ma nawa turken ke nan.

Latifa ta karɓa ta juya shi gaba da baya, ta ga ba ko kalma ɗaya a rubuce. Ta jefa shi cikin jaka ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba.

Ƙarshen watan Mayu manyan motoci suka kwaso lambun daga Lyon. Lallen an naɗe shi da farin yadi, Kawu ya ƙi shiga jirgin ƙasa da sauran ma'aikata, ya zauna kusa da direba don ya riƙa sa shi rage gudu. Fili aka ba su fetal, a wani babban wurin shaƙatawa a tsakiyar gari, kusa da filayen wasu masu lambun, kowa da hayaniyarsa. Nakan biya in na tashi daga aiki. Katangar da za ka rantse ta shekara talatin, katako ce aka shafe da laka. Rijiyar zurfinta bai kai gwiwa ba, an shafa wa cikinta baƙin fenti. Shuke-shuken ba a fitar da su daga tukwane ba, an binne su ne da tukwanen aka rufe da yashi. Kawu ya ɗaure darnin da hannunsa, ya kwance na wani ma'aikaci ya sake ɗaurawa, ya kafa jigo, ya yi ta tattaka bakin rijiyar da ƙafa don ya yi kama da inda ake tsayawa kullum. Françoise tana tsaye da takardarta tana sa a matsar da rumman taku ɗaya, a mayar da shi, a sake matsarwa. Da aka kusa gamawa, manya da su suka durƙusa da ƙananan almakashi suna cire busasshen ganye ɗaya bayan ɗaya.

Duk kwanakin nan yana kwana a wani ɗan masauki kusa da wurin. Sevran tana nan a ƙarshen layin jirgi, bai je ba. Kullum dai sai ya tambaye ni ko na ba da tikitin, kullum in ce na bayar.

Ana gobe buɗewa aka kwance yadin lallen. Ya yi fure. Ƙananan furanni farare masu ɗan rawaya, cunkus a kan reshen sama, ƙamshinsu ya cika filin har maƙwabta suna leƙowa. Ni da na zo da tsiyata, sai na tsinci kaina a tsakar gidanmu a Damagaram ranar da aka sa wa yayata lalle, na juya baya ina share ido. Kawu ya tsaya a bakin rijiyarsa ta ƙarya ya ce, wallahi Zuwaira in ka rufe ido ɗaya sai ka ce Mirya.

Sai dai a Mirya ba a zagaye garka da igiya. A nan doka ce: masu kallo suna waje, ba mai shiga, ba mai taɓawa. Françoise kuma ta san halin mutuminta, ta sa ya yi mata alkawari ba zai tsinke ko ganye ɗaya ya ba wani ba sai an rufe baje kolin. Wannan ya fi komai damunsa. Dubban baƙi suna tsayawa a ƙofar garkarsa, suna yabawa, suna ɗaukar hoto, suna tafiya hannu rabbana. Wasu tsofaffin mata 'yan Maroko suka ji ƙamshin tun daga nesa suka gane shi, suka tsaya suna ta magana da hannu, na ga hannun Kawu ya tafi aljihun wuƙa ya dawo. Alƙalan baje kolin suka zo da safiyar farko suka zagaya, daga baya aka kawo lambar yabo ta biyu aka kafa a bakin igiya. Françoise ta rungume kowa. Kawu ya ce madalla, idonsa yana kan hanyar shigowa.

Haka ya yi ta tsayuwa. Duk budurwa baƙar fata da ta ɓullo daga nesa sai ya gyara tsayuwa, in ta matso ya ga ba ita ba ce ya koma ga butar ban ruwansa. Abincin rana a tsaye yake ci, kada ya matsa ta zo ta wuce. Mutum a tsakiyar taron da ba masaka tsinke, amma ban taɓa ganin kaɗaicinsa a fili kamar a wannan wuri ba.

Ranar Lahadi, ranar rufewa, da la'asar Latifa ta kira ni ta ce tana bakin ƙofa. Na je na taho da ita. Ta yi kwalliya, har da ɗan gyalen da uwarta ta ba ta, abin da ba ta saba ba. A hanya ta ce ba don ya kira ta ta zo ba, don bai kira ba, ta zo ne kada wata rana ta zargi kanta.

Ya hango mu. Na ga fuskarsa ta buɗe kamar an kunna fitila, sai kuma ya rufe ta da sauri. Muka tsaya a bakin igiya, ya matso, ya fuskance ni, ni da muka rabu da shi ba a daɗe ba, ya shiga gaishe ni: ina wuni, ina gajiya, ina aiki, ina labarin gida. Latifa tana tsaye, in ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗarta. Da ya gama, ya dubi rijiyar ya tambaye ni ko yarinyar nan ta samu wurin ba wahala.

"Ga ni nan, Papa," in ji ta.

"To, madalla," in ji shi. Ya sunkuya yana cire wani ganye da ba abin da ya same shi.

Ni da nake gefe ina ganin fuskarsa. Ita bayansa kawai take gani. Ta ja numfashi ta ji ƙamshin, ta tambaye ni wace bishiya ce wannan, na ce mai ita yana kusa, ta tambaye shi. Ba ta tambaya ba, jira ta yi. Mutane suna ture mu suna neman wurin hoto, ita tana riƙe da igiyar da hannu biyu tana jira. Da na iya duka da na doki wani a cikinsu, ban san wanne ba. Can ta saki igiyar, ta ce lambun ya yi kyau, Allah ya ba da sa'a, sai wata rana. Ta juya ta shiga taro.

Kawu ya miƙe. Ya bi ta da ido har gyalen ya fara ɓacewa. Sai na ga ya zaro wuƙar dashe, ya nufi lallen, ya kamo reshen sama, wanda ya yi wata da watanni yana lallashi, wanda aka zana lambun duka dominsa, ya yanke shi tashi ɗaya. Wata mata a bakin igiya ta dafe baki. Ya tsallake igiyar ya kutsa cikin mutane, reshen a sama kada a murƙushe shi, ni kuma ina biye.

"Ke!" yake cewa. "Ke yarinya!"

Mutane suna waigowa, kowa ya waigo ban da ita. Lasifika tana sanar da cewa an kusa rufewa, masu sayen furanni suna fitowa da tukwane a rungume, shi yana ta neman gafara da Hausa. Muka fita ƙofa. Ga ta can ta kai bakin matakalar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta fara sauka. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Na ga bakinsa ya motsa sau ɗaya ba sauti, sannan ya fito da shi, a hankali, da muryar da ta yi tsatsa:

"Latifa."

Ni kaɗai na ji, sai wani mai gadi da bai san abin da ya ji ba. Ita kanta ya riga ya shige ƙasa. Ya daɗe a tsaye yana kallon matakalar, mutane suna ratsa shi hagu da dama. Na ce ya bi ta, ya girgiza kai. Ya miƙo mini reshen, ya fara cewa in kai wa yarinyar, sai ya fasa. Ya ce in kai wa Latifa. Daga nan ya juya ya koma, don akwai bayanin da zai yi wa Françoise, akwai kuma katangar da za a fara rushewa.

Washegari da hantsi na tafi Sevran, reshen a cikin kwalbar ruwa, duk jirgin yana ƙamshi. Safi ta fita aiki. Latifa tana zaune a ƙasa tsakanin akwatuna, idonta ya kumbura. Ta ga reshen ta ce wani kwalin tumatir ɗin ne? Na ce ta zauna da kyau, na ba ta labari tun daga yankan reshe har bakin matakala. Ba ta katse ni ba. Da na kai ƙarshe ta tambaye ni da Hausa yaya ya faɗi sunan.

Na gwada. Na rage murya, na ja wasalin yadda mutanen Mirya suke ja, bai yi ba. Ta girgiza kai, ni ma na san bai yi ba. Na ce mata na kai yakuwa, na kai tumatir, na kai tikiti, na kai gaisuwa da fushi, amma wannan saƙon ya fi ƙarfin ɗan aike, kuma daga yau na ajiye aikin. Na ciro wayata na danna lambarsa, na buɗe murya, na ajiye a kan akwati a gabanta.

Ya ɗauka. Suna hanyar Lyon da abin da ya rage na lambun, ya ce sun tsaya ne direba yana shan kofi. Ya tambaya ko na kai. Ban amsa ba. Ya sake kiran sunana, ya ce ko layin ne ba kyau.

"Ni ce, Papa," in ji Latifa.

Na tashi na shiga kicin na ja ƙofa, domin ko a Mirya ba a tsaya wa babba a kai a irin wannan lokaci. Na buɗe famfo, na rufe, na tsaya ina kallon bango. Shirun ya yi tsawo har na fara cewa a raina shi ke nan, dattijon ya koma gidan jiya, zai tambaye ta sanyin Paris. Can na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, gajeriyar magana, ban tantance ba. Sai na ji tata:

"Sake faɗa, Papa. Motar tana ƙara, ban ji ba."

Motar kuwa a tsaye take, shi da kansa ya faɗa.